Dambun nama a Gombak

Takardar zaman da aka manna mini a fasfo ta 'yan rakiya ce. Maigida ne ɗalibi, yana digiri na uku a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur. Ni da yara mun biyo shi ne kawai, kuma dokar Malesiya ba ta yarda ɗan rakiya ya yi aikin albashi ba. Na san da haka tun muna Zariya. Amma ni da na saba fita tun bakwai na safe in je in koyar da lissafi a sakandare, sai ga ni a saman bene, na gama shara da wanke-wanke kafin hantsi, ina jiran ruwan la'asar ya sauko don in samu abin kallo.

Kafin mu taso na rubuta burina a bayan wani littafin darasi: in yi digiri na biyu, in sayi fili ko da a bayan gari ne, in kai Inna Makka. A lissafina duk mai yiwuwa ne. Sai ga watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin da ake turo wa maigida ya koma bai fi na haya da cefane ba idan aka canza shi zuwa ringgit. Maganar karatuna ta kwanta ba tare da wani ya ce ta kwanta ba. Shi bai tayar ba don kunya, ni ban tayar ba don tausayi.

Abin da ya fara fitar da ni daga ɗaki ciki ne. Maigida ya ga zaman ya fara cina, sai ya sa mana al'adar fita cin abinci ran Asabar da dare. Ba wani wuri mai tsada ba, shagunan mamak ne, na Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Kujerun roba a bakin titi, talabijin yana nuna ƙwallon Ingila, ga Malayawa, ga Sinawa, ga Indiyawa, kowa da farantinsa. Yara suna son roti canai, wata gurasa mai laushi da ake wurga ƙullinta a iska har ya yi shara-shara kafin a soya, a ci da miyar wake. Ni kuwa shayinsu ne ya kama ni, teh tarik, wanda ake ɗagawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, irin yadda mai shayin tasha yake yi a gida. Sai dai zaƙin ya yi yawa. Mutanen nan ba su san ƙaramin cokali ba idan aka zo wajen sukari da madarar gwangwani, har miyar barkono sai sun ɗan zuba mata. Kalmomin Malayanci na farko da na riƙe na roƙon a rage zaƙi ne.

Nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa a haɗa da gyaɗa, ƙananan kifi, ƙwai da yajin sambal, ita ce karin kumallonsu, kuma ta karɓe ni nan da nan. Satay na garin Kajang da ake ta kurantawa mun je mun ci. Nama ne a tsinke, da romon gyaɗa mai zaƙi a gefe. Yana da daɗi, amma duk wanda ya ci tsiren Sabon Gari ba zai yi masa dogon yabo ba. Durian kuwa, wanda suke kira sarkin 'ya'yan itace, har yau ni da shi sai daga nesa. Otal-otal da jiragen ƙasa ma sun hana shiga da shi saboda warinsa, don haka ba ni kaɗai ba ce.

Cefane a kasuwar Chow Kit nake yi idan na samu sarari. Akwai kuɓewa, rogo, gyaɗa, tsamiya, citta, da wani ƙaramin barkono da ya fi attaruhu zafin rai. Manja kuwa ƙasar ce ta biyu a duniya wajen samar da shi bayan Indonesiya, duk da cewa asalin bishiyar daga Afirka ta Yamma take, amma wanda ke kan kanti tatacce ne, ba ja ba, ba ƙamshi. Kuka da daddawa da kimba sai dai idan wani zai zo daga gida a roƙe shi ya saka a jaka. Naman da ya fi araha shi ne na ɓauna da ake shigowa da shi a daskare daga Indiya, kuma shi ne ya zama jarina.

Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa wata dattijuwa ce Bamalayiya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Makcik nake ce mata, kamar yadda ake kiran duk macen da ta kai sa'ar uwa. Da farko gaisuwa ce kawai a bakin lif. Ban yi mamaki ba, don lokacin da muke neman gida an sha ce wa maigida ɗakin ya shiga da zarar an ji daga inda ya fito. Da azumi ya kama, sai ga jikarta da kwano a rufe, kunun shinkafa ne da nama da kayan ƙamshi, bubur lambuk, irin wanda masallacin Kampung Baru yake rabawa kyauta duk Ramadan. Na ba yarinyar tukuici, ta tsaya tana kallona, ta ruga ta kira kakarta. Sai da maigida ya yi bayani da Turanci kafin aka bar ta ta karɓa.

Saura kwano. A wajensu ma, kamar a wajenmu, ba a mayar da shi wayam. Ba ni da kuɗin sayen wani abin kirki, kuma ba zan kai wa mai kunu kunu ba. Na sauke naman ɓauna, na dafa shi da albasa, citta, tafarnuwa da kanumfari har ruwan ya tsotse. Turmi babu, ga mutane a ƙasanmu da ba za su yafe mini daka ba, don haka na zauna na yi ta murje shi da hannu da bayan ludayi har ya zama zare-zare. Na soya shi a hankali, wuta ƙasa-ƙasa, ina juyawa har hannuna ya gaji, don a nan idan ka bar ɗigon danshi a abu, iskar garin za ta ƙarasa maka shi da fumfuna. Kilishi ma na daina sha'awar a kawo mini saboda haka. Babu hunturu, babu bushewa, shekara gaba ɗaya zufa ce.

Washegari Makcik da kanta ta ƙwanƙwasa. Ashe suna da irinsa, serunding, wanda jihar Kelantan ta yi suna a kai, sai dai nasu da madarar kwakwa da sukari. Ta ce nawa ya fi yaji, mijinta ya cinye rabi da sahur. Ta shigo ta zauna a tabarma, ta sa na nuna mata kayan da na zuba ɗaya bayan ɗaya. Ranar ce baƙuwa ta farko da ba 'yar Najeriya ba ta taka falona.

Sallarsu ba ta kwana uku ba ce. Kusan duk watan Shawwal ana buɗe gida, a dafa rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa da kayan yaji, da ketupat, shinkafar da ake dafawa a saƙar ganyen kwakwa, da lemang, shinkafar da ake dafawa a cikin gora, duk wanda ya zo ya ci. Ta dalilin Makcik aka yi ta gayyatarmu gidajen 'yan'uwanta, ni kuma ko'ina da 'yar robata ta dambu, wani lokaci da cincin, wani lokaci da zoɓo mai citta da abarba. Zoɓon ma suna nomawa, amma ba su san a sa masa citta ta ji ba. Abin da na lura shi ne ba a karɓar kyautar a tura ƙarƙashin tebur. Za a buɗe, a zagaya da ita, a tambaye ki yadda kika yi. Su ma suna sayen kayan Sallah a kanti, ba na ce ba sa saye ba, amma uwar gida takan nuna miki da yatsa wanda ta toya da kanta. A gida mun fara mayar da abin hannu kyautar marar hali. An fi ganin girman bokitin roba mai hoton amarya da ango a kan kwanon alkakin da wata ta kwana tana yi, kuma ni kaina na raba irin bokitan nan a bikina.

Wajen Makcik na ga abin da ya gyara mini lissafin Makka. Kuɗin barka da Sallah da ake ba jikokinta a koren ambulan ba ya tafiya a alewa, asusunsu na Tabung Haji ake kai shi. Hukuma ce ta adashin aikin Hajji da aka kafa tun 1963, bisa shawarar masanin tattalin arziki Ungku Abdul Aziz, don manoma su daina sayar da gona da dabbobi saboda kujerar Makka. Ana buɗe wa yaro asusu tun yana goye, don layin jira yana da tsawo ƙwarai. Mu a gida jira muke kuɗin ya zo a dunƙule, ko wani mai hali ya biya. Hukumar alhazai ta Najeriya ta fara irin wannan tsari a 2020 tare da bankin Jaiz, na sa ƙanena ya buɗe wa Inna, kuma duk abin da ya ragu a cefanen wata nakan tura. Kaɗan ne, wani watan ma abin kunya ne a faɗa.

Da na gaya wa Inna a waya, tsakar dare a nan, su kuwa ko magariba ba a yi ba, sai ta ce, "Ke dai ki kula da mijinki da yaran nan, Makka idan da rabo za a je."

Na ce, "Inna, rabon ne nake tara masa kuɗin mota."

Yanzu duk Laraba ina gidan Makcik, tana koya mini kuih bangkit, wani biskit na garin rogo da madarar kwakwa mai narkewa a baki, da kuma tat, wani ɗan biskit mai haɗin abarba. Duk kayan haɗinsu akwai su a kasuwar Tudun Wada, na riga na yi lissafin abin da kowace roba za ta ci da abin da za a iya sayar da ita. Maigida yana maganar neman aikin koyarwa a nan idan ya gama. Ni na ce masa gida, don a can ne zan iya komawa aji in kuma kafa tanda ba tare da na karya dokar kowa ba. Ba mu daidaita ba tukuna, kuma saura shekara guda ya kare kundinsa.