Tarago a Tafin Hannu

Na shafe makonni uku ina haɗa wani taragon ɗaukar kaya wanda tsawonsa bai fi tafin hannuna da yawa ba, amma ranar da na ɗora shi a kan dogonsa na ja da baya na dube shi, sai raina bai kwanta ba. Ƙafafunsa suna juyawa yadda ya kamata, ƙofofinsa sun zauna daidai, fentinsa kuma yana sheƙi, sai dai abin da ke gabana ya fi kama da kayan wasan yara da aka ciro daga kwali. Na daɗe ina tunani kafin na gane cewa sheƙin nan shi ne matsalar, domin ban taɓa ganin tarago mai tsabta haka a tashar jirgin ƙasa ba.

Kafin a kai ga fenti, dole ne mai sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ya fara yanke shawara a kan ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage girman jirgi sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ce. Mutanen Ingila sun fi son OO, wanda ke rage girma kusan sau 76 a kan wannan dogo ɗaya, masu ƙaramin ɗaki kuwa sukan koma ga N, mai tazarar milimita 9. Katafaren gidan nunin ƙananan jiragen ƙasan nan na Miniatur Wunderland da ke birnin Hamburg a Jamus, wanda aka buɗe a 2001, da ma'aunin HO aka gina shi. Ni dai burina shi ne in kwaikwayi jiragen tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911, kuma faɗin wannan layi milimita 1,067 ne, ya gaza na yawancin ƙasashen Turai mai milimita 1,435. Saboda haka na bi hanyar da masu wannan sha'awa a New Zealand suke bi, tun da faɗin dogonsu ɗaya ne da na tsohon layin namu, wato in rage girman jirgi sau 64 in ɗora shi a kan dogo mai milimita 16.5. Wannan zaɓi ya sa ƙafafu da dogo kaɗai nake saya, gangar jikin taragon kuwa da hannuna nake yankata daga fallen roba, in manna da gam, in sa ɗan ƙarfe a cikinsa don nauyi ya hana shi sauka daga layi a kan kwana.

Fenti shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Nakan wanke taragon da ruwan sabulu don in cire maiƙon yatsu, in bar shi ya bushe, sannan in fesa masa fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Bayan haka launin da nake so yakan hau sau uku ko huɗu, kowane hawa siriri ƙwarai, domin fenti mai kauri yana binne kawunan ƙusoshi da layukan katako waɗanda mutum ya kwana yana sassaƙawa. A lokacin hunturu aikin yana ƙara wahala, saboda bushewar iska takan sa fentin ya daskare a bakin na'urar feshi, ƙura kuma ta sauka a kan abin da bai gama bushewa ba. Sau ɗaya na bar tarago a buɗe kusa da taga, da gari ya waye na tarar da rufinsa ya yi kaushi kamar bayan kada, dole na kankare shi na sake daga farko. Tun daga ranar nake kife masa kwanon roba da zarar na ajiye na'urar.

Abin da ya gyara taragon nan na farko shi ne tsufar da shi da gangan, kuma wannan aiki da ido ake koyonsa kafin hannu. Na je na tsaya daga nesa ina kallon tsofaffin taragu da aka jingine a gefen layi, sai na lura cewa datti yana da tsarinsa. Tsatsa tana farawa ne daga inda ruwan sama ke kwanciya, ta gangaro a siririn layi daga kan ƙusa. Jar ƙura tana tasowa daga ƙasa, ta yi kauri a kan ƙafafu, ta riƙa raguwa yayin da take hawa sama, rana kuma takan kodar da rufi fiye da gefe. Da na dawo gida sai na tsinka baƙin fenti da mai launin ruwan ƙasa har ya zama kamar ruwan shayi, na bar shi ya kwarara cikin tsagogi. Daga nan na ɗauki busasshen burushi na shafa garin alli mai launin jar ƙasa daga ƙasa zuwa sama, na rufe duka da siririn feshi marar sheƙi don kada garin ya bi yatsu.

A gefen dogon kuwa ƙasa ta gaskiya na zuba, wadda na tankaɗe da rariya, na kuma bi ta da maganaɗisu, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinta yana iya shiga injin kan jirgi ya lalata shi. Yanzu taragu biyar ne a jere a kan teburina, kuma aikin da ke gabana shi ne ƙananan buhunan gyada da zan tara su dala a bayan tashar. Na riga na murza guda arba'in daga yumɓu, kowanne bai kai ƙwayar gyada girma ba, suna shanye a kan faranti suna jiran fenti.