Ƙurajen leɓena da sunan ɗan ƙanwata

Saura kwana uku sunan ɗan ƙanwata a Birni, leɓena na sama ya fara ƙaiƙayi da zafi-zafi. Washegari sai ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun yi gungu. Inna ta duba ta ce, "Zazzaɓi ne ya fita, shafa man kaɗanya." Haka muka taso muna ji a Damagaram, balle da hunturu.

Amma karo na uku ke nan a wuri guda, sai na hau kabu-kabu zuwa asibiti. Likita ya ce gara da na zo ba su bushe ba, don ruwansu ake dangwalowa da auduga a gwada. Gwajin jini iyakarsa ya nuna mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Sakamako ya fito daga baya: ƙwayar cutar herpes ce, nau'in da ake kira HSV-1. Kunya ta kama ni, na zaci sai ta kwanciya ake ɗauka. Ashe yawanci tun yarinta ake samunta, ta yawu ko sumba, ta laɓe a jijiya, zazzaɓi ko zafin rana ya tashe ta.

Likita ya rubuta mini maganin aciclovir, ya ce kada in kuskura in sumbaci jariri, cutar na iya yi masa mummunar illa. Ranar suna daga nesa na yi wa yaron wasa, Inna sai hararata take.