Turmi goma sha biyu da suka dawo daga Kaduna

Shekara biyu ke nan ina ɗaukar wa maigidana hotunan kaya a shagonsa da ke Kantin Kwari. Atamfa, leshi, shadda, duk abin da aka sauke sabo ni ke shimfiɗawa, in ɗauka da waya, in gyara, in ɗora a Instagram da WhatsApp. Da na fara, na ɗauka duk gwanintar a wajen gyara take. Na sauke manhajojin gyaran hoto, Snapseed da Lightroom, na gano madannin da ke ƙara wa launi ƙarfi, shi ke nan na samu abin wasa. Atamfar da ta yi wata uku a kanta tana shan ƙura, da na ja madannin nan sai ta fito tana walwali kamar yau aka kwance dila.

Ana nan sai wata Hajiya a Kaduna ta ga wata atamfa a shafinmu, ta ce turmi goma sha biyu take so na ankon bikin ƙanwarta. Ta turo kuɗi, muka kai tasha aka sa a mota. Washegari da hantsi ta kira.

"Alhaji, ja na gani a hoto. Wannan kuwa ruwan makuba ce, ba ita na saya ba."

Gaskiyarta. Da kayan suka dawo na ajiye wayata kusa da turmi ɗaya, ni kaina sai da kunya ta kama ni. Maigida ya mayar mata da kuɗinta, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kai yaro, hotonka ya fi kayana kyau. To wa zai sayi nawa?"

Daga ranar na daina zargin waya, na koma lura da haske. Ashe tun kafin in taɓa madanni launin ya riga ya karkace. Farin ƙwan lantarkin shago yana watsa wa kaya shuɗi-shuɗi, wayar kuma ta yi nata kintacen ta ƙara ɓata lissafi. Yanzu bakin ƙofa nake fitar da kaya, cikin inuwa, ko da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka ba ta da amana, musamman ga shadda. Farar Getzner idan rana ta doke ta, ƙyallinta yakan cinye zanen gaba ɗaya, a hoto sai ka ga kamar farar takarda, alhali zanen nan shi mai saye yake biya wa kuɗi. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, ni abokin aikina ne, domin yana tausasa hasken rana. Sai dai ka riƙa goge idon kyamara, ƙura ba ta jin kunya.

Wata dabara da wani tsohon mai hoto ya nuna mini: in ajiye farar takarda a gefen kayan in ɗauka tare. Wajen gyara, in daidaita har takardar ta zama fara sosai, sauran launuka za su bi sahu, sannan in yanke ta daga hoton. Yawancin gyarana yanzu bai wuce nan ba, sai miƙe hoton da ya karkace da ɗan ƙarin haske.

Duk da haka allon waya kowanne da halinsa. Hoto ɗaya, yadda zai fito a Tecno daban, a Samsung daban. Shi ya sa nake rubuta sunan launin da baki a ƙasan hoto, ruwan goro ne ko ruwan hoda, in kuma haɗa da ɗan bidiyo ina juya kayan a hannu. Leshi kuwa WhatsApp ne babban maƙiyinsa, yana matse hoto har ƙananan hudojin su dagule. Sun ƙara madannin HD a 2023, ya taimaka, amma ga mai sayen da gaske take na fi son in tura hoton a matsayin fayil, ya isa yadda na ɗauke shi.

Har yanzu abokai kan turo mini hotunan biki su ce, "Ɗan haskaka ni mana." Nakan ƙara haske a fuska, amma ba na canja wa mutum fata. Wasu sun ji haushi, sun koma wajen wani.

Turamen nan goma sha biyun na sake ɗaukarsu a bakin ƙofa bayan la'asar, na rubuta "ruwan makuba" a ƙasa. Ɗaiɗai suka fita, sai da suka yi kusan mako uku kafin su ƙare. Hajiyar Kaduna dai har yau ba ta sake kiranmu ba, ko da yake ina ganin sunanta cikin masu kallon abin da nake ɗorawa.