Godiya bayan wasan kwaikwayon ɗalibanmu na ranar Asabar

Alhamdulillahi, an yi taro lafiya an tashi lafiya. Yara duk sun koma hannun iyayensu, mu kuwa malamai murya ta dishe, ƙafa ta yi nauyi. Faman da aka sha kafin a samu gidan wasan, da ɗage ranar da aka yi ta yi, duk kun sani, ba sai an maimaita ba.

Godiyar farko ta mai kula da fitilun gidan ce. Ya roƙa kada a ambace shi, amma ya yi haƙuri, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Waɗanda ke zauren sun ga lokacin da fitilun dandamali suka ɗauke ana tsakiyar fitowa ta biyu, alhali ƙananan yara na tsaye a kan dakalin katako mai tsayin santimita 60. A irin wannan duhu abin tsoro shi ne yaro ya firgita ya yi taku ɗaya, domin idon da ya daɗe cikin haske mai ƙarfi ba ya ganin komai a daƙiƙun farko. Bawan Allah nan bai ruga wajen akwatin wuta ba. Makirfo ya fara ɗauka, ya ce cikin sanyin murya kowa ya tsaya inda yake, ya zauna a hankali, ya dafa katakon da hannu. Sai da ya haska da tocila ya ga duk sun zauna, sannan ya tafi neman inda matsalar take. Allah ya saka masa da mafificin alheri, ya tsare masa nasa 'ya'yan kamar yadda ya tsare na mutane, ya haskaka masa duniya da lahira.

Iyaye da yawa sun tambayi abin da ya jawo, kuma malaman da ke shirin kai ɗalibansu dandamali na haya ya kamata su ji. Fitila mai wat 1,000 a wuta mai volt 230 tana jan amp 4 da ɗan ɗoriya. Uku a layi ɗaya sun kai amp 13, layin kuma birekarsa, wato na'urar da ke yanke wuta in kaya sun yi wa layi yawa, ta amp 16 ce, to har nan lafiya lau. Sai aka jona dutsen guga mai wat 2,000 a soket ɗin bayan labule don a goge rigar wani ɗan wasa, ba a san layinsu ɗaya da fitilun ba. Jimilla ta doshi amp 22. Bireka ba ta faɗuwa nan take a irin wannan ƙari, sai ta ɗau zafi tukuna, shi ya sa aka yi mintoci ana wasa kafin wutar ta yanke. Ba laifin kowa ba ne, soket ɗin ba a rubuta masa komai ba. Abu biyu suka taimaka: na'urar sauti a layinta daban take, shi ya sa makirfo bai mutu ba, kuma an manna tef mai sheƙi a duhu a bakin dakalin da kan matakala. Tef ɗin nan sai ya sha haske kafin a fara wasa, in ba haka ba ba ya nuna komai.

Malamar da ta riƙe takardar sunaye, Allah ya biya ki. Ƙirga yara a bakin mota, a ƙofar shiga, lokacin hutu, da kuma kafin a tashi aiki ne mai cin rai da ba wanda ke tafa wa, ga takardun izinin iyaye da lambobin wayarsu a jaka ɗaya. Haka direbanmu da ya zauna jira har dare bai ce uffan ba, da iyaye mata da suka kwana ɗinkin kayan wasa, da manyan ɗaliban da suka tsare teburin kayan aiki, kowane abu a gurbinsa da aka zana masa. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku ƙofofin arziki, ya sa ku ga ranar 'ya'yanku.

Ku kuma yara, kun fitar da mu kunya. Malamin wasan kwaikwayo yakan shafe zango guda yana nanata abu uku: a ja numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, kada a ba 'yan kallo baya ana magana, in abokin wasa ya manta abin da zai faɗa a miƙa masa shi cikin zance ba tare da an tsaya ba. Da wuta ta dawo kuka ɗora daga jimlar da kuka tsaya, har na kujerar ƙarshe yana jin ku.

Kujerun sahun gaba da aka ware wa dangi kam, rabinsu haka suka wuni babu kowa. Mun san kowa da uzurinsa, ba ma riƙe kowa a rai, sai dai yaro in ya leƙo ta gefen labule fuskar nasa yake nema. Allah ya sa na gaba a samu zuwa.

Wanda ya tafi gida da hula ko rigar wasa a dawo da ita makaranta ranar Litinin, domin na aro ne kuma da ƙirge aka karɓo su.