Feshin maganin funfuna a ciyawar fili: abin da na gani a Maraɗi

Ina kula da filin ciyawa na wani gidan saukar baƙi a nan Maraɗi. Kiri-kiri ce muka shuka, don ita ke jure zafinmu da takun mutane. Da rani ba ta da wata damuwa sai ƙishi. Wahalarta tana zuwa ne a Agusta, lokacin da ruwa ke sauka a kai a kai, hadari ya rufe rana, raɓa kuma ta kai hantsi ba ta bushe ba.

A damanar da ta wuce fili ya fara fitar da tabo-tabo ruwan ƙasa. Mai gidan yana gani ya ce, "Malam, gara ce, a nemo maganin ƙwari." Na ce, "Alhaji, a ba ni zuwa asuba." A ƙasarmu ta jigawa gara da funfuna da ƙarancin ruwa duk launi ɗaya suke ba ciyawa in an hango daga nesa, sai an durƙusa ake rarrabewa. Na tona gefen tabon, ban ga gara ba, saiwar ma tana nan da ƙarfinta. Amma a jikin ganyen akwai ƙananan ɗigo masu duhu, wasu sun haɗe ganyen ya ƙone daga sama. Can kusa da magudanar ruwa kuwa wani abu ne daban: ciyawar ta kwanta ta yi santsi, da farin zare kamar auduga a kanta, wanda ke ɓacewa da zarar rana ta ɗaga. Cuta biyu ke nan a fili ɗaya, kuma kowacce da maganin da ya fi cinta.

Na ɗigon ganye na fara masa da mancozeb, wannan garin mai ruwan ɗorawa da masu noman tumatir na Jiratawa suka sani. A jikin ganye yake zama, ba ya shiga ciki, shi ya sa ruwan sama mai ƙarfi ke wanke shi, sai an sake bayan kwana 7 zuwa 14. Daga baya na sauya zuwa azoxystrobin, wanda ganye ke sha, ya fi kuma daɗewa. Ba a jera shi sau da yawa, domin funfunar tana saurin sabawa da shi. Na wajen magudana kuwa na sa masa wanda ke da sinadarin metalaxyl a ciki, irin Ridomil. Wani mai shago ya tura mini propiconazole, na ƙi: ba ya taɓa mai santsin nan, kuma a cikin zafi yana iya tsumburar da kiri-kiri.

Kafin in zuba magani a famfon goyo mai lita 16, na cika shi da ruwa zalla, na auna fili na fesa da tafiyata ta kullum, don in san iya inda tanki ɗaya ke kaiwa. Da wannan na lissafa awon da ke jikin takardar maganin. Masu cewa "ƙara cokali ɗaya ya fi ci" kuɗinsu suke zubarwa, wani lokaci har da ƙona ganye. Na kuma duba lambar amincewa ta kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel da ranar lalacewa, don kayan da ake ƙullawa a leda ba suna ba na yarda da su.

Alhaji ya so ya ga kore washegari. Na gaya masa magani ba ya tayar da ganyen da ya mutu, mai rai yake karewa. Tabon sai kiri-kirin ta yaɗo ta rufe shi da kanta, kuma hakan na ɗaukar makonni.

A ganina rabin aikin ma ba a famfo yake ba. Mun daina ban ruwa da yamma, in ana bukata sai da asuba. Mun dakatar da takin uriya har ƙarshen damana, mun daina yanka ciyawa tana jiƙe, mun buɗe magudanar da ta toshe. Mai gadinmu yana kiwon raguna kuma ya saba kwashe yankakkiyar ciyawa yana kai musu. Tun ranar feshin farko na hana shi, muka koma binne ta a rami bayan katanga.