Kwana Biyu a Bakin Tafkin Kifin Kaf

Da sanyin safiyar wata Juma'a a watan Satumba na hau jirgin ƙasa daga tashar Fadinton ta birnin Landan zuwa Herefod, tafiyar kimanin awa uku. A can wani dattijo da muka taɓa aiki tare yake jirana da motarsa, wadda ya cika da sandunan fatsa da bokitai da tanti. Fatsar kaf za mu je, wani babban kifin tafki da kogi da Turawa ke kira carp. Kafin in taso na sayi lasisin kamun kifi, domin a Ingila doka ta wajabta shi a kan duk wanda ya kai shekara 13.

Muka nufi kudu, wajen garin Ros da ke bakin kogin Wai, yana ba ni tarihin yankin. A nan kusa tafkin Redmaya yake, wanda faɗinsa bai wuce eka uku ba, amma a cikinsa Richard Walker ya kama kifin kaf mai kilo 20 a watan Satumban 1952, da burodi a bakin ƙugiya. A 1980 kuma Chris Yates ya fito da mai fiye da kilo 23 daga wannan ruwa, shi kuwa da masara mai zaƙi. Mu dai wani tafki muka sauka a cikin gona, wanda itatuwa suka kewaye, ruwansa a kwance lumui.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya ɗaura ƙugiyar. Na zaci zai soka abincin a jikinta, kamar yadda ake soka tana, sai na ga ya bar wani ɗan guntun zare yana reto a bayanta, ya sa siririyar allura ya zura ƙwallon abincin a jikin zaren, ƙugiyar kuwa ya bar ta tsirara. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce kaf ba ya cizo; zuƙar abinci yake yi tare da laka, ya ɗanɗana, idan ya ji wani abu mai tauri ko zare mai ja, sai ya furzar nan take. To idan ƙugiyar tana waje, lokacin furzarwar ne take juyawa ta kama leɓensa na ƙasa. Len Middleton da Kevin Maddocks ne suka fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, kuma da gashin mutum suka fara gwadawa, shi ya sa har yau ake kiranta ɗaurin gashi. A ganina duk sauran kayan da ke cikin motar nan bayan wannan ɗan zare suke, domin shi kaɗai aka gina a kan sanin halin kifin.

Ƙwallon abincin, wanda suke kira boyili, da garin kifi da na waken soya da ƙwai ake kwaɓa shi, a mulmula, a tafasa na minti ɗaya ko biyu don bayansa ya yi tauri, ƙananan kifaye su kasa tsattsage shi. Ya zo kuma da masara da aya. Ya ja mini kunne cewa ba a zuba aya a ruwa sai an jiƙa ta kwana guda an kuma dafa ta sosai, saboda ɗanyarta tana cutar da cikin kifi.

Sandunan masu tsawon ƙafa 12 ne. Sama da ƙugiyar akwai dalma mai nauyin kimanin giram 85, wadda nauyinta ke kafa ƙugiyar idan kifin ya zabura, kuma a kan wani maƙali take da ke sakinta idan zare ya tsinke, don kada kifi ya yi ta jan nauyi har ya halaka. Muka jefa kusa da wata ciyawar ruwa, muka watsa abinci kaɗan da gwafar danƙo, muka ɗora sandunan a kan na'urar da ke ƙara idan an ja zare.

Daren farko ba mu kama kome ba. Da gari ya waye dattijon ya janyo fatsarsa, ya ga ruɓaɓɓen ganye ya rufe bakin ƙugiyar, sai ya canza zuwa boyili mai tasowa, wanda ke tsayawa ɗan sama da laka.

Wajen asubahin Lahadi na'urata ta ɗauki ƙara. Na ɗaga sanda na ji nauyi kamar na ja kututture, sai kuma ya fara gudu. Mun ɗauki kusan minti goma sha biyar kafin ya shiga koma. Muka kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar katifa mai laushi, na ga ƙugiyar daidai tsakiyar leɓen ƙasa, boyilin yana reto a waje. Ma'auni ya nuna kilo 8. Dattijon ya shafa wa gurbin ƙugiyar magani, na riƙe kifin a cikin ruwa da hannu biyu har ya dawo hayyacinsa, ya kaɗa wutsiya ya nutse cikin ciyawa. Da hantsi muka naɗe tanti, ya mayar da ni tashar Herefod.