Girkin gida ya fi arha nesa ba kusa ba, amma kar ki jingina shi da firiza

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin gidanmu ya birkice. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma masu gidajen abinci a Kano duk suka bi sahu, wanda bai ƙara kuɗi ba ya rage malmala ko ya ƙanƙantar da yankan nama. Ni da maigida duk aiki muke fita, sai la'asar sakaliya nake shigowa a gajiye, to da can abin da ya fi sauƙi shi ne ya biya ya sayo mana shinkafa da kaza a roba, ran Juma'a kuma yara su kafe sai shawarma. Ranar da na zauna na tara abin da ke fita a wata kan abincin saye kaɗai, har da kuɗin mai kawowa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kuɗin cin dare ɗaya a waje, in na shiga kasuwar Yankaba da shi, kayan miyar kwanaki zan ɗauko.

Sai na koma tukunya. Asabar in yi cefane, Lahadi in wuni a kicin, miyar ja da miyar taushe da farfesu, a zuzzuba a robobi a jera a firiza, da yamma sai dai a dafa shinkafa ko a tuƙa tuwo a ɗumama miya. Tsarin ya tafi daidai, kuɗi ya fara saura, shi ma maigida da likita ya ce ya rage gishiri saboda hawan jini sai ga shi abin ya yiwu, tunda ni ke zuba gishirin da dunƙulen da hannuna, kuma na san man da na soya da shi ba wanda aka yi ta maimaitawa ba ne har ya yi baƙi.

Sai ga duhun watan Oktoban 2024. Duk wanda ke Arewa ya san shi, manyan layukan wuta suka lalace aka shafe sama da mako babu ko ƙyalli. Kuma ya zo daidai lokacin da na cika firiza taf, na haɗa kuɗi da maƙwabciyata mun raba nama mai yawa, ga kaji, ga markaɗen tumatir da tattasai na wata guda, ga miya kala-kala. Da farko na ƙi buɗewa don sanyin ya riƙe, daga baya muka shiga neman ƙanƙara, ita ma ta yi tsadar da ba a magana kuma ko da kuɗinki sai kin yi yawo. Janareta kuwa, da fetur ya kai naira dubu, ba zai ja firiza dare da rana ba. Na soya abin da zan iya, na rarraba wa maƙwabta, amma miyar nan da markaɗen nan a kan idona suka yi tsami suka kumbura murfin roba. Har yau in na tuna warin da ya bugo ni ran da na buɗe, raina ɓaci yake. Ribar da na tara ta watanni a kwata na zubar da ita, kuma abin da ya fi ƙona min rai, a makon muka koma sayen abincin waje a farashin da ya fi na da.

Da na kai wa Inna kuka, cewa ta yi, ke 'yar nan, mu da muka raine ku firiza gare mu? Ta sa aka ɗauko min kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa daga ɗakinta. Gaskiyarta ne. Girkinmu na asali an gina shi ne a kan abin da ba ya neman wuta, rana ce ke mana aikin.

Yanzu ga yadda nake yi. Da rani, lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwa ya yi arha, nake sayen kwando in yanka in shanya, haka tattasai da attarugu, don da damina ta kama farashinsa ba ya taɓuwa. Markaɗe kuwa ba na ajiye shi ɗanye, sai na tafasa shi ruwan ya ƙone ƙurmus, in soya da mai da gishiri har man ya taso sama ya rufe shi, wannan in ana ɗumamawa safe da yamma yana jurewa. Nama kaɗan-kaɗan nake saye in soya ya bushe, ga kifi banda a gefe. Wake da masara da gero kuma maigida ke haɗa kuɗi da abokansa su sayo buhu a kasuwar Dawanau bayan kaka su raba. Firizar tana nan tana aiki, amma ba na sa mata abin da asararsa za ta sa ni kuka, ko da an ce wuta ta gyaru.

Masu cewa ai in kin haɗa gas da sabulu da gajiyarki duk ɗaya ne da saye, ban yarda ba, na lissafa. Gas yana ci sosai kam, musamman wake da ganda, shi ya sa nake jiƙa wake tun dare kuma na ajiye kurfoti na gawayi don abin da ke daɗewa a wuta. Mutum ɗaya tilo wataƙila mai kosai da mai garau-garau su fi masa sauƙi, amma gida mai yara ko kusa.

Abincin waje ban haramta shi ba, tsire da masa in an yi albashi ana sayowa. Ranar da na dawo liƙis kuwa ɗanwake ne ko tuwo da miyar kuka, kafin a idar da magariba an sauke, kuma babu ɗaya cikin kayan haɗinsu da ya taɓa shiga firiza.